Nasiha Ga Mai Niyyar Shuka Soso a Gindin Danga

Duk wanda Allah ya jarrabe shi da sha'awar ganin furen soso, ruwan ɗorawa, ya lulluɓe dangar gidansa, a Kankiya yake ko a Kusada, ba zan ɓata masa lokaci da batun tona rami da zuba taki ba, domin wannan ko yaro ya sani.

Na farko, jiƙa irin ya kwana a ruwa, don ɓawonsa na da tauri. Kada zumuɗi ya sa ka shuka da bazara, sa'ad da rijiyoyi suka ja baya, mai garuwa kuma sai an yi masa fadanci. Jira ruwa ya zauna a watan Yuni.

Na biyu, akuya. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hukunta cewa ɓarnar da dabba ta yi wa shuka da dare mai ita ke biya, ta rana kuwa babu ramuwa. Kuma ina da yaƙinin awakin unguwarmu sun sauke wannan babi, don ba sa shigowa sai da hantsi, bayan mai gida ya fita nema, su bi toho ɗaya bayan ɗaya suna tsinke kansa, su bar maka tsinke tsaye. In ka kai kuka, a ce, "Haba Malam, dabba ce, ba ta da hankali." To, mai ita fa? Igiya ta yi tsada ne? Ga kasuwar Caranci nan kusa, kowace Lahadi tana ci, wanda ya kasa ɗaure abarsa ya kai ta can mana!

Na uku, ko na huɗu ne? Gara. Tana cin karan danga ta ƙasa, ranar da yaɗo ya yi nauyi su kwanta tare. Kafa dirka.

In furen farko ya zube, kada ka zargi bakin mutane. Namiji ne, matar tana tafe da ɗan ƙwallonta a gindi, sauran aikin na zuma ne. Sai dai ka sani, 'ya'yan da suka fi ƙosawa ta ɓangaren maƙwabci suke rataya, da kaka mai akuyar nan zai ɓare su ya yi wanka.

Mai ƙaramin haƙuri ya je kasuwa, soso ba tsada.