Gaskit Bai Yi Maka Komai Ba, Alhaji

Ka ce gaskit ne kawai ya ƙone? To sannu da bincike, Alhaji. Wa ya ƙone shi, aljanu? Motarka mai shan gas, wato dizal, tana shanye ruwan lagireto ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa, salansa na tuttuɗo farin hayaki, baƙin mai ya yi fari-fari a bakin murfi, tiyon ruwa ya yi tauri tun inji bai gama ɗumi ba. An sa sabon gaskit, ya sake ƙonewa, ka koma kasuwar Ƙofar Ruwa kana zazzaga wa mai shago masifa wai jabu ya ba ka. An bar jaki ana dukan taiki. Kan injin ne ya gantsare, top silinda ɗin nan da kake rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Ka ce ƙarfe ba ya lanƙwashewa haka kawai? Haka kawai fa! Ranar da allurar zafi ta haye ja, kana cewa bari dai mu ƙarasa gari, wa ke riƙe da sitiyari? A injunan dizal 1.9 na Golf da Peugeot, kan na alminiyom ne, gangar jikin kuwa, wato bulok, baƙin ƙarfe. In zafi ya taso, alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen, ga notuna sun danne shi ba inda zai miƙe, dole ya karkace. Sai ga ka da jarkar ruwan sanyi, ka kwara masa yana tafarfasa, wai taimako. Allah ya saka da alheri.

Na ji, na ji: ka duba da idonka, ka shafa da tafin hannu, sumul yake. Ido mai albarka! Gantsarewar da aka yafe wa irin wannan kai ba ta wuce 0.1 na milimita ba, wasu injunan ma 0.05, kaurin silin gashi ke nan. Ana kankare ragowar tsohon gaskit tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo ta tsawo, ta faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura siraran ƙarafan geji a ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. In na 0.1 ya shige salin-alin tsakanin silinda ta biyu da ta uku, gardama ta ƙare. Kai kaɗai ka rage.

Motar ƙaninka ta taɓa tafasa, aka sa gaskit, har yau shiru? Ta fetur ce, ko? Ita wajen ninki 10 take matse iska, filogi ya kunna mata wuta. Taka sai ta matse ninki 19 zuwa 23, har iskar ta yi zafin da gas zai kama da kansa. 'Yar kafar da waccan za ta yi haƙuri da ita, wannan sai ta huda ta wuce.

To a kai a gurje kan injin mana, ka ce. Yi a hankali, ranka ya daɗe. A fara toshe hanyoyin ruwansa a matsa masa iska, a ga ko ya tsage, don tsagaggen kai ko an gurje shi yana ƙyalli, tsagagge ne. Kuma fuskar kan dizal a shafe take, bawul da fistin dab da juna suke. A ci ƙarfe da yawa su gaisa, gaisuwar da aljihunka zai amsa. Shi kansa gaskit ɗin kauri-kauri ne: 'yan hudojin nan ko tsagogin da ke gefensa ba ado ba ne, gwargwadon yadda fistin ke leƙowa saman bulok ake zaɓa. Wai a haɗa gaskit biyu a huta? A'uzubillahi! Wa ya ba ka wannan fatawa?

Tsofaffin notunan ma ka haƙura da su, sun riga sun miƙe tun ɗaurin farko. Sababbin kuma daga tsakiya ake fara ɗaure su, a yi waje, zagaye bayan zagaye, da sifana mai awo. Ba wai yaron gareji ya zura faif a sifana ya rataya a kai yana nishi ba.

An gama, an haɗa, mota ta tashi, kana ta washe baki za ka ɗauki hanya. Tsaya tukuna. Famfon ruwan da ya mutu fa? Lagireton da ruwan rijiya ya cika da tsatsa fa? Fankar kuma, ka ce me? Tana juyawa in ta ga dama?