Masu Zawo a Ƙofar Kemis

Daga lokacin mangwaro zuwa tsakiyar damina, babu bencin da ke karɓar baƙi a Sandamu kamar na ƙofar kemis. Zawo ba ya sallama, ba ya kuma duba rawani. Ciwon ɗaya ne, amma masu ɗauke da shi iri-iri ne.

Akwai mai kunya. Shi bai taɓa yin zawo ba, kullum wani abokinsa ne. Zai tsaya yana tayin man zafi har shago ya watse, sannan ya rage murya: "Likita, wani bawan Allah ne cikinsa ya ɗan motsa." Mai kemis ya tambaya sau nawa aka zaga, ya ce bakwai, da na hanyar zuwa nan takwas.

Sai likitan kansa, wanda ba shawara ya zo nema ba, umarni ya kawo: Flagyl biyu, kafso ja da yalo biyu, a haɗa a leda. A gaya masa yawancin zawo yana tafiya da kansa cikin kwanaki kaɗan, kuma waɗannan magunguna ba sa taɓa irin ƙwayar da ta fi kawo wa yara zawo, sai ya ce shekara ashirin da haka yake yi. Gaskiyarsa, shekara ashirin yana biyan kuɗin aikin da cikinsa ya yi kyauta, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Ƙaninsa shi ne mai neman allura, wanda a wurinsa abin da bai huda fata ba bai kai magani ba.

Wanda ya fi ba ni haushi mai raina arha ne. A miƙa masa ƙunshin ORS, ya juya shi gaba da baya ya ce, "Malam, gishiri da sukari ai akwai a gida." To Alhaji, abin da ke kai mai zawo kushewa ƙarewar ruwan jiki ne, kuma hanji yana jan ruwa da sauri idan gishiri da sukari suka shiga tare a daidai awo. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, kwalara ta ɓarke, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare, Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama wannan haɗi ana shayar da mutane, mace-mace suka ragu ƙwarai. A nan gida Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ta yayata shi lokacin da yake ministan lafiya. Laifin ORS ɗaya: ba shi da tsada. Da a kwalba mai ruwan zinariya yake zuwa, da an daɗe da sa shi a lefe.

Kishiyarsa ita ce mai gyara. Ta karɓa, amma ta ɗanɗana ta ji lami, sai ta ƙara sukari cokali uku don yaro ya sha da daɗi, ko ta tsiyaya lemon kwalba a ciki. Zaƙin da ya wuce kima kuwa ruwa yake jawowa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Ƙunshin lita ɗaya lita ɗaya yake so, wato ledar fiya wata biyu, kuma abin da ya kai awa 24 da damawa zubar da shi ake yi. Idan babu ƙunshin, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a litar tafasasshen ruwa, a shafe, ba a tula ba. Ita dai ta saba da awon hannu tun daga miyar kuka.

Inna kuma, kakar yaro, ta riga ta yanke hukunci tun daga zaure: haƙori ne. Ta hana shi ruwa wai kada a ƙara wa kogi, ta ce uwar ta ɗan janye nono. Mai kemis mai hankali ba ya musu da ita kai tsaye. Sai ya ce, "Inna, haƙorin ma yana son ruwa," ya roƙa a ci gaba da nono da kunu, ya ba da zink na kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004. Maganin tsayar da zawo irin na manya kuwa ya ce sam, ba na yara ba ne. Rana ta uku zawo ya tsaya, Inna ta adana sauran zink ɗin a kwalla don jika na gaba.

Jarumi ba ya zuwa da ƙafarsa, kawo shi ake yi. Ya ga jini da majina a bayan gida, ya ce basir ne. Zazzaɓi ya rufe shi, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ya ce namiji ba ya kwanciya don ciki. Har bayan gidan ya koma fari tsululu ga amai, alamar kwalara, irin wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya a 2021, Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Nan aikin kemis ya ƙare. Na kirki zai ce a riƙa ba shi ORS a hanya, a wuce asibiti, ko na gari ko babban na Daura. Na banza zai rataya ledar ruwa a ƙusa ya fara lissafi.

Bayan kowa ya warke, sai mai bin diddigi ya buɗe shari'a a majalisa. Furar kasuwa ce. A'a, awarar yamma ce. Ko waken da amarya ba ta dafa ya nuna ba. Wani lokacin ma har da sammu. Wani yaro ya tambaye shi ko ya wanke hannu da sabulu da ya fito daga bayi, ya ce a kira uban yaron nan.