Tabon Sallar Baffa

A danginmu, duk wanda ya rataya kyamara a wuya ya zama mai hoto, ko da bai san inda ake kunna ta ba. Tawa ta hannu ce, na saya wurin wani abokina da ya gaji da ita, kuma abin da na taɓa ɗauka da ita bai wuce faɗuwar rana a bayan Dala da kyanwar maƙwabta ba. Amma da aka zaɓi Baffa shugaban 'yan kasuwar layinsu, aka ce kowane shugaba ya kawo hoto za a buga kalandar sabuwar shekara, sai ya rantse ba zai kai kuɗinsa situdiyo ba alhali ɗan ƙaninsa na yawo da injin hoto a banza.

Da hantsi ya fito tsakar gida. Farar shadda ce ta sha bugu har tana ɗaukar ido, babbar riga mai aska takwas, ga hula ya ɗan tura ta baya yadda goshi zai fito sosai. Shi kuwa Baffa baƙi ne wuluk, irin baƙin nan mai kyau. Na saita, na danna, na duba. Riga ta fito, zaren aikin ma sai ka ƙirga. Hula ta fito. Tsakanin hula da riga kuwa babu kowa, sai fararen idanu guda biyu.

"Mu gani," in ji Baffa.

Na ce, "Gwaji ne, Baffa, ba a fara ba tukuna."

Bari in faɗi abin da ya faru, don kada a ce hannuna ne. Kyamara ba ta san mutum ba, ba ta san riga ba. Ma'aunin hasken da ke cikinta tattara duk abin da ke gabansa yake yi, ya nemi mai da shi toka-toka, wato launin da ke mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. In farar riga ta cika mata gaba, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Riga ta zauna daidai, fuska ta nutse. Na ƙara hasken da mataki biyu. Baffa ya dawo, riga ta tafi. Aikin da ya zuba wa kuɗi ya zama farin fili fetal, sai kai da hula suna shawagi a sama.

Na so in nuna masa cewa matsalar ta girme ni. Na ce tun shekarun 1950, zamanin fim, kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana ce masa katin Shirley, da fatarta ake daidaita launi, shi ya sa baƙar fata... Ban kai aya ba Hajiya, uwargidansa, ta leƙo daga kicin da muciya a hannu.

"Wace ce kuma Shali?"

Baffa ya ce wallahi yau ya fara jin sunanta. Ya harare ni. Aka rufe babin tarihi.

Masu sana'ar suna da wani faifai mai sheƙi da suke mayar da haske kan fuska. Ni ba ni da shi, amma Hajiya na da tiren silba a kabet, wanda ba ya fitowa sai an yi baƙi daga nesa. Na ba wani ƙanena ya riƙe, na ce ya karkato rana a hankali zuwa fuskar Baffa. Yaron bai san a hankali ba. Rana sukutum ta faɗa idon dattijo. Ya yi salati, ya kare da hannun riga, ga hawaye, ga atishawa. Har gobe ina kan bakana cewa hoton da na ɗauka a wannan daƙiƙar ya fi duk na ranar kyawun haske. Abin da ya rage masa daraja kawai, mutumin da ke ciki sai ka ce yanzu aka gaya masa kasuwa ta kama da wuta.

Na ce a bari sai dare, lokacin da haske zai dawo hannuna. Bayan isha'i na mai da falonsa situdiyo. Na nemi Hajiya ta ara mini zanin gado mai fulawa in rataya a baya, na kafa mata hujja da Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagon hoto a 1948, ya fara da rataya zanin gado a bayan masu zuwa ɗaukar hoto, yau kuma hotunansa na rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Ta ce, "Shi wannan Saidun, zanin gadonsa ne ko na matar baffansa?"

Nasa ne. Amma ta bayar, da sharaɗin ba ƙusa.

Filasha da shadda mai bugu ba sa ga-maciji: riga ta mayar mini da hasken gaba ɗaya, goshi ya ɗau ƙyalli, wata ƙatuwar inuwa ta tsaya bayan Baffa a jikin fulawoyin Hajiya. Ina cikin naɗe filashar da gidan sauro don ta yi laushi, aka ɗauke wuta. Ban karaya ba. Na sa fitilar ƙwai a dama, fitilar caji a hagu. Abin da ya faru kimiyya ce tsantsa: hasken harshen wuta wajen 2,000 yake a ma'aunin Kelvin, ja-ja ne, na farar fitilar caji kuwa ya kai 6,000, yana ɗaukar shuɗi. Idon mutum yana sulhunta su ba tare da ya sani ba, kyamara kuwa dole ta zaɓi ɗaya. Ba ta zaɓa ba. Kuncin dama ya fito ruwan lemo, na hagu ruwan bula.

Na ce yaron ya ja da baya da fitilar cajin. To, haske in ka ninka nisansa, kwata yake komawa ba rabi ba, sai gefen ya mutu. Na ce ya matso. Hannunsa ya gaji, ya durƙusa, ya tallafo fitilar daidai ƙasan haɓar Baffa, inuwar hanci da ta gira suka juye sama. Daidai nan jikar Baffa ta shigo da kofin shayi. Ihun da ta kurma sai da maƙwabta suka yi sallama.

Na koma gida da abin da ya samu. Na zaɓi mai dama-dama cikin na rana, na zuba shi a wata manhajar waya da aka ce ita ke gyara fuska da kanta. Danna ɗaya, Baffa ya fito tas: fata sumul, furfura ta ja baya, ya yi wani haske da ko ranar aurensa na fari bai yi ba. Na kwanta ina jin kaina.

Washegari bayan la'asar na kai masa a majalisarsu ta ƙofar gida. Waya ta shiga zagaye hannu zuwa hannu, kowa na gyara tabarau.

"Alhaji, wannan ɗanka ne na Legas?"

"A'a, shi ne. Alhaji, ko mai ka fara shafawa ba mu sani ba?"

Wani ya kawo wayar kusa da hanci ya ce, "Ina billenka?" Ashe manhajar ta ɗauka ƙarzuwa ce irin ta tsohon hoto, ta yi mana alheri ta share. Baffa ya karɓa, ya zuƙo da yatsu biyu, ya hau sama, ya tsaya a goshi. Ya daɗe a nan.

"Kai. Ina tabona?"

"Wane tabo, Baffa?"

"Tabon salla! Shekara hamsin ina kai goshin nan ƙasa, kai ka zo da ɗan yatsa ɗaya ka share?"

Na ce Allah ya huci zuciyarsa, yanzu zan mayar. Akwai burushin da ke ƙara duhu, na shafa a gabansu. Allon waya ƙarami ne, yatsana kuma ba siriri ba. Tabon ya dawo, ya ninka girmansa, ya kuma koma saman girar hagu. Wanda ya yi zancen mai ya leƙo ya ce, "Subhanallahi, Alhaji, wa ya jefe ka?"

A ƙarshen tabarma akwai wani tsoho da bai ce uffan ba tun farko. Ya taɓa riƙe shagon hoto tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Ya miƙo hannu ya ce, "Yaro, kawo injin." Ya sa Baffa ya mayar da rigar, ya zaunar da shi a bakin zaure, taku ɗaya daga ƙofa, yana fuskantar waje. Rana ba ta taɓa shi, amma yashin titi yana tura masa haske a hankali, bayansa kuma duhun zaure. Ya auna hasken a kuncinsa, bai kula rigar ba. Ya danna sau ɗaya, ya miƙo mini, ya koma kan goronsa. Ga bille, ga furfura, ga aska takwas, ga tabo a mazauninsa. Na shaida wa majalisa cewa ni ma dama abin da nake shirin gwadawa ke nan a gaba. Ba wanda ya amsa.

Wannan hoton Baffa ya kai wa masu ɗab'i, kuma don rufin asirin dangi ya ce musu ɗan ƙaninsa ne ya ɗauka. Da kalanda ta fito, ashe yaron da ke kan kwamfutarsu shi ma yana da tasa manhajar, kuma bai bar kowa ba. Shugabanni reras, kowa fari sol, kowa sumul, Baffa a tsakiya babu bille babu tabo. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, sunana.

Baffa ya daina amsa gaisuwata sai da kai. Ma'ajin ƙungiyar kuwa ya aiko yaronsa har gida, wai aikina ya burge shi, yana son nasa hoton na baɗi. A ƙara masa haske kaɗan, sannan in babu damuwa, tabon nan da na cire wa Alhaji, in yana nan a wayata, a sa masa.