Ɗan Birni da Jar Akuyar Sarkin Hausa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a turken awaki a ƙasar Maraɗi ya san ba a wasa da launin jar akuya. Fatarta majema suka daɗe suna nema, ita ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Gwamnatin Nijar ma cibiyar kiwo guda ta keɓe mata a Maraɗi don kada irin ya gurɓace. Dillali kan dubi gashinta tun kafin ya buɗe baki ya ga haƙora. In ja ne sumul daga kai har wutsiya, kuɗi na sama. In an ga ɗigon fari ko baƙi, an san an yi gauraye, sai a fara ragi. To irin wannan akuyar ce wani ɗan ƙanwata, ɗalibi a Kano, ya mayar ruwan lemo da yatsa ɗaya.

Garin Sarkin Hausa yana cikin gundumar Mayahi. In mutum ya baro Maraɗi a kan babban titin da ya nufi Tasawa da Damagaram, sai ya ratse a Cadawa ya yi arewa. Ƙasar jigawa ce, ta gero da wake da gyaɗa, gawo tsaye a tsakiyar gonaki yana kore da rani lokacin da komai ya bushe. Ranar kasuwa amalanken shanu da na jakai ke kwararowa daga ƙauyuka, masu awo su jera tiya, matan Fulani su sauke ƙoren nono, mahauta su hura wuta. A gefe kuma ga 'yan kabu-kabu, ga rumfar cajin waya da farantin sola a kan rufi, ga tulin bokitan roba, ga mai maganin basir da lasifika yana cika wa kowa kunne.

Wannan gefen na biyu shi ne yaron bai zo nema ba. Malaminsu ya ce kowa ya kawo hotunan kasuwar gargajiya, shi kuwa a kansa gargajiya ita ce ƙwarya da raƙumi da tsoho mai malafa. Ya iso da kyamarar aro mai dogon baki, da kwamfuta a jaka, da tabbacin cewa kafin la'asar ya gama.

Ba shi ne baƙo na farko da ya zo kallon kasuwa a yankin ba. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Tasawa. Ya rubuta yadda aka taru aka ƙirga wuri 500,000 da hannu, ya kuma ambaci farar da ake sayarwa a kasuwa, wadda har gobe ake awonta. Sai dai Barth ya koyi Hausa don ya gaisa da mutane. Namu da aka haifa cikin Hausar, ko sallama bai yi ba ya ɗaga ƙarfensa ya saita wata mai fura.

Ta ja faifai ta rufe fuska. "Kai yaro, ɗan wa ne kai? Mi kake auna ni da shi, abu kamar taɓarya?"

Kafin ya haɗa amsa an kewaye shi, kuma a zamanin nan da ake ɗari-ɗari da baƙuwar fuska ba a ɗaukar irin wannan da wasa. Sai da aka kai maganar gaban sarkin kasuwa, aka aiko aka kira ni, na jero sunan kakarsa da gidan da aka haife ta, sannan fuskoki suka saki. Aka yi masa izini da sharaɗi biyu: ya tambayi mutum kafin ya ɗauke shi, kuma ya wanko hotunan ya kawo kasuwa mai zuwa. A nan ya samu sunan Ɗan Birni. A nan kuma ya yi asararsa ta farko, don wani yaro da ya riƙe masa akalar raƙumi ya ce a ba shi ɗari, shi kuwa ya miƙa ƙwandalar sefa 100 yana jin ya yi kyauta. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5, saboda haka ɗari sefa 500 ce. Ya cika, ana dariya.

Sai rana ta shiga nata aikin. Masu koyar da hoto sun ce a yi ɗauka da sanyin safiya ko da yamma liƙis, lokacin da haske ke kwance. Gaskiya ne, amma kasuwar ƙauye ba ta san da wannan darasi ba. Da safe rumfuna ne kawai da awaki masu kalen ɓawon gyaɗa, ba ta cika sai rana ta take tsaka, ga hazo ya mai da sama fara fat. A irin wannan haske kyamara takan auna abin da ke gabanta ta raba tsakani. In ta bi farar riga, fuskar da ke ƙarƙashin malafa ta zama baƙin rami. In ta bi fuskar, rigar ta ƙone babu ko zaren aiki. Matsalar tsohuwa ce. A shekarun 1950 kamfanin Kodak da hoton farar mace yake daidaita launin wankinsa, kuma cikin waɗanda suka matsa daga baya aka gyara har da masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda suka ga kayansu ba sa fitowa da kyau a talla. Kamfanin Transsion na Sin, mai yin Tecno da Itel, ya gane kasuwar da ke cikin wannan giɓi, ya daidaita kyamarar wayoyinsa da baƙar fata, kuma zuwa 2017 ya sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Shi ya sa da yaron rumfar caji ya zaro wayarsa mai fasasshen gilashi ya ɗauki wani dattijo mai malafa da Ɗan Birni ke ta fama da shi, har furfurar gemu ta fito ɗaya-ɗaya. Ɗan Birni ya duba, ya ce ai wannan ba fasaha ba ce.

Abin da ya fi rana ba shi wahala shi ne mutanen da kansu. Da labari ya bazu cewa za a kawo hoto a takarda, kowa ya shiga shiri. Dattijon nan ya tuɓe malafa ya sa sabuwar hula da baƙin tabarau. Mai furar da ta ɓuya ɗazu ta aika gida aka kawo mata mayafin salla, ta ture ƙwaryar gefe ta jawo kular roba mai fure. Wani saurayi ya turo babur ɗinsa har tsakiyar masu hatsi, ya goge shi da hannun riga, ya dafa kan, ya kara waya a kunne ba tare da kowa ya kira shi ba. Ɗan Birni na ta roƙo: "Baba, don Allah a mai da malafar. Inna, ƙwaryar nake so." Dattijon ya ce, "Ɗana, malahwar ta rana ce. Hoto kuwa na jikoki ne."

Ni dai ina bayan dattijon. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur yake yi don masu zuwa su riƙa a ɗauke su da su, kuma waɗannan hotunan ne yau ake ratayewa a manyan gidajen nune-nune na Turai da Amurka. Mutum da abin da yake alfahari da shi yake son a gan shi. Na faɗa wa yaron haka, ya ce, "Kawu, bari kawai, duk zan gyara a kwamfuta."

Ya kuwa gyara. Da dare ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya fara da hazo. Ya ja ma'aunin launi sama don sama ta yi shuɗi, ta kuwa yi, sai dai ma'aunin ba sama kaɗai ya sani ba. Rawanin wani Buzu mai baƙin shuni ya koma kalar zoɓo, jar akuyar da aka yi ta yabo a turke ta koma lemo mai ƙyalli. Daga nan ya ɗauko magogi. Irin wannan manhaja ba gogewa kawai take yi ba, takan dubi abin da ke kewaye da ramin da aka bari ta cike shi da abin da take zato. In ta ga rairayi ta ƙara rairayi. Da ya goge bokitan robar da ke bayan wani jaki, abin da ta gani kusa ƙafa ce, sai ta ƙara wa jakin ta biyar. Farantin sola ya tafi tare da rabin rufin rumfar. Babur ya ɓace, amma inuwarsa na nan kwance a ƙasa, mai shi kuma ya dafa iska yana murmushi. Na ƙarshe shi ne maɓallin gyaran fuska, wanda aka koya wa cewa duk layin da ke kan kunci tsufa ne ko tabo. Ya bi zanen dattijon, aikin wanzami na ranar suna, ya share shi tas.

A aikin jarida wannan laifin kora ne. A watan Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras don ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoton yaƙin Siriya, ba mutum ba, ba bindiga ba. A gasar World Press Photo ta 2015 kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da su saboda taɓawa. Ɗan Birni ya san duk wannan, an koya musu. Ya ce nasa ba labari ba ne, adana al'ada ne.

Alƙawari dai ya cika. Ya je Maraɗi ya wanko, ya dawo ranar kasuwa ya baje a kan buhu.

Mai akuyar ta fara zuwa. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce wannan ba tata ba ce, tata ɗiyar asali ce, uwarta ma tagwaye take haihuwa. Dillali ya leƙo ta kafaɗarta ya ce in dai wannan ce, shi ko kyauta ba ya karɓa, sai an kai ta likita. Jakin mai ƙafa biyar ya zaga kasuwa hannu da hannu har wajen mahauta, wani ya ce a tambayi mai shi ko ta biyar ɗin ta hawan tudu ce. Dattijon ya daɗe yana duban nasa, ya shafa kuncinsa, ya ce, "Yaron kirki ne wannan, amma ban san gidansu ba." Ya mayar.

Saurayin babur ne bai yi dariya ba. Waken damina biyu ya sayar ya haɗa da kuɗin ci-rani kafin ya sayi abin hawan nan, kuma hoton gidan surukai ya yi niyyar aika shi. Abin da Ɗan Birni ya kira datti a cikin hoto guminsa ne. Sai da sarkin kasuwa ya sake sa baki, aka yanke cewa za a wanko na asalin, kuɗin wanki kuma daga aljihun mai gogewa. Aljihun mai gogewa kuwa, kamar yadda aka saba, yana jikin rigar kawunsa.

Wanda ya zaci mutanen kasuwa sun tsani gyaran hoto bai san su ba. Da suka gane abin da na'urar ke iyawa, layi aka ja. Mai fura ta ce a ɗauke ta daga gindin rumfa a ajiye ta a gaban koren masallacin Madina, tunda niyya tana nan, kujera ce ba ta samu ba. Yaron caji yana son a ƙara masa faranti biyu a kan rufi. Wani ya tambaya ko za a iya ɗora shi a kan babur ɗin da aka goge, tunda yanzu ba shi da mai shi.

Dillalin ya jira kowa ya watse, ya ja Ɗan Birni gefe. Yana da rago da zai tura wa wani alhaji a Jibiya ta WhatsApp, layya ta matso, ragon kuwa bai gama murmurewa daga rani ba. So yake a ɗan cika masa cinya, a ɗaga ƙaho kaɗan, la'ada a raba biyu. Ɗan Birni, wanda ya sha wuya ya yi laushi, ya gyara tsayuwa ya ce wannan algus ne, shi ba ya ha'inci a ciniki.

Dillalin ya dube shi daga hula har takalmi. "Kai da ka ɓatar da babur sukutum da rana tsaka, ka raba tsoho da danginsa, yau ɗan kitsen rago ne ya zama haram?" Ya juya ya ƙwala wa yaron rumfar caji kira, ya ce ya zo da wayarsa, ya durƙusa ya ɗauki ragon daga ƙasa, ta wajen da ya fi ƙiba.