Ka Ce Hausa a Jininka Take?

To, malam sarkin gardama, gyara zama. Ka ce Hausa a jininka take, a nono ka sha ta? Madalla. Ɗauki jaririn Bakano ranar suna, ka kai shi Dabai a ƙasar Zuru ka damƙa wa Dakarkari. Dawo bayan shekara biyar ka gaishe shi. Da harshensu C'Lela tsantsa zai amsa maka, kana tsaye kana raba ido. Ina jinin ya shige?

Ka ce ai wannan gwaranci ne, ba shi da ƙa'ida? Subhanallahi! Je ka faɗi haka a kasuwar Zuru, garin da ya yi suna wajen haifar sojoji, ni dai ba ruwana. Masana sun sa C'Lela da harsunan Dukkawa, Fakkawa da Kambari a dangin Kainji, reshe ne na babban gidan Neja-Kwango. Sunayen abubuwa a C'Lela rukuni-rukuni suke, kowane rukuni da alamarsa, tsarin da za ka tarar a Suwahili, da kuma Zulu na Afirka ta Kudu. I mana, Zuru da Zulu dangi ne na nesa, kuma ba kamar suna ce ta haɗa su ba. Hausarka kuwa 'yar gidan Cadi ce, danginta su Larabci da Amharik, kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a littafinsa na 1963. Kar ka fara! Larabci ɗan'uwa ne, ba uba ba. Rancen kalmomi dai muka ci a wurinsa, har yau ba mu biya ba.

Ka ce magana ai aikin harshe ne da leɓe? Da haka ne, da aku ya zama alƙali. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba majinyacin da ke gane abin da aka ce masa, amma bakinsa ba ya iya furta komai sai "tan". Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai ga lahani a gaba, ɓangaren hagu. A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya gano wani wurin can baya, kusa da kunne: idan ya lalace, magana na zuba kamar famfo, ma'ana babu. Na sani, ka san masu irin wannan zuba da lafiyarsu lau, bar wannan zancen. Abin lura shi ne, hagun ƙwaƙwalwa ke juya daman jiki, shi ya sa wanda ɓarinsa na dama ya shanye sau da yawa maganarsa ke ɗaukewa. Jifa, ka ce? Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe. A garzaya da shi asibiti.

Ƙwaƙwalwar yaro a shirye take zuwa duniya, har in ba ta tarar da harshe ba, sai ta ƙera. A Nikaraguwa, wajajen 1980, yara kurame da aka tara a makaranta sun ƙirƙiro harshen hannu nasu, na bayansu suka ƙara masa nahawu.

Yanzu ka ce harshe biyu na rikita yaro? Yaron Zuru C'Lela a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji, kuma bai taɓa mance sunan tuwo ba. Kai mai harshe ɗaya tilo, wa ya rikita ka? Bikin Uhola mai zuwa ka je Zuru ka koyi ko gaisuwa ce. In yara suka yi maka dariya, ka haƙura, sun riga ka.