Risala a Kan Ƙwal-kwabon Gordon Liu, da Rabe-rabensa, da Raddi ga Masu Inkari

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, cewa waɗanda suka yi rubutu a kan finafinan faɗa na Hong Kong sun zurfafa bincike a kan hannu da ƙafa har suka wuce kima, amma suka yi sakaci da kai, alhali shi ne a sama da su a tsarin jiki, kuma shi ne farkon abin da ido ke riska idan jarumi ya leƙo ta bayan katanga. Wannan giɓi muka ƙuduri aniyar toshewa. Mun zaɓi kan Gordon Liu, wanda mutanen Hong Kong ke kira Lau Kar-fai, saboda a tarihin kamfanin Shaw Brothers babu kan da ya yi wa mai shi hidima kamarsa.

Fasali na ɗaya: iyakance ma'ana

Wajibi ne tun farko a rarrabe tsakanin sanƙo da ƙwal-kwabo, domin cakuɗa su shi ne tushen mafi yawan kurakurai a wannan fage. Sanƙo shi ne gushewar gashi ba da izinin mai shi ba. Ƙwal-kwabo kuwa shi ne gusar da gashi da gangan, da aska, bisa wata manufa. Na Liu daga nau'i na biyu yake, kuma rukunansa uku ne: kai, da aska, da dalili. Biyun farko ba su bukatar sharhi.

Amma dalili, to sai an koma baya. Liu ya koyi salon Hung Gar a makarantar Lau Cham, shi kuma ya karɓa daga Lam Sai-wing, shi kuma daga Wong Fei-hung. Silsila ce ingantacciya wadda ba a san mai suka a kanta ba. Ɗan Lau Cham, Lau Kar-leung, shi ya zama mai ba da umarni a Shaw Brothers, kuma shi ya sa Liu ya fito a matsayin Wong Fei-hung ɗin kansa a Challenge of the Masters a 1976. A lokacin yana da gashi. Ya yi faɗa mai tsafta, aka yaba, aka tashi. Sai a 1978, da za a ɗauki The 36th Chamber of Shaolin, aka bukaci ya zama San Te, ɗan zuhudun addinin Buddha, aka kawo aska. Daga ranar tarihinsa ya kasu biyu: zamanin suma, da abin da ya biyo baya.

Kada mai karatu ya ɗauki aski a ƙasar Sin ƙaramin al'amari. A 1645 sarakunan Manchu na daular Qing suka hukunta wa kowane namiji ya aske gaban kansa, ya kitse na baya ya sake shi kamar wutsiya, wanda ya ƙi kuma a sare kan gaba ɗaya. Saboda haka kai a wancan zamani yana da matsayi uku: rabin aski, shi ne mubaya'a, cikakkiyar suma, ita ce tawaye, aske duka, shi ne hanyar masu zuhudu, waɗanda dokar ba ta samu abin kamawa a kansu ba. San Te ya yaƙi Manchu da matsayi na uku, wanda shi ne mafi wahalar gurfanarwa gaban alƙali.

Fasali na biyu: aikin da kan ya yi

Ɗakunan horo a gidan bautar Shaolin, kamar yadda fim ɗin ya nuna, 35 ne, na 36 shi San Te ya ƙirƙira domin koyar da talakawa. Jama'a sun fi tuna ɗakin ɗiban ruwa, inda ake ɗaura wa ɗalibi wuƙaƙe a damatsa, ya ɗauki bokiti biyu hannuwa a miƙe, in ya sassauta su wuƙa ta soke shi a haƙarƙari. Ba mu raina wannan ɗaki ba, sai dai ba shi da alaƙa da bahasinmu.

Ɗakuna biyu ne hujjarmu. A na farko ana zaunar da ɗalibi, a kafa masa manyan sandunan turare biyu masu ci da wuta, ɗaya daura da kuncin dama, ɗaya daura da na hagu, sannan a umarce shi ya bi wata fitila da ido kawai. In kan ya motsa ko da kaɗan, sai ƙuna. Mai hankali zai gane cewa mai suma ba ya shiga wannan jarrabawa face ya fito da ƙauri. A na biyu kuma an rataye buhunan yashi jere, ɗalibi ya ratsa tsakaninsu yana tunkuyinsu da kai har ya kai ƙarshe, jiri na ɗibarsa. A nan gashi ha'inci ne, domin katifa ce tsakanin ɗalibi da darasinsa.

Fasali na uku: rabe-rabe

Bayan bibiya, mun samu ƙwal-kwabon Liu ya kasu kashi huɗu.

Na ɗaya, bayyananne: wanda ake gani ƙuru-ƙuru, yana mayar wa fitilun ɗaukar hoto haskensu, kamar a fim ɗin 1978 da kuma Disciples of the 36th Chamber na 1985. Babu saɓani a kansa.

Na biyu, ɓoyayye: wanda yake nan amma an lulluɓe shi da gashin aro, kamar a Heroes of the East, inda ya auri Bajapaniya, gardamar mata da miji a kan faɗan wace ƙasa ya fi ta jawo masa gwanayen Japan har gida. Hukuncin wannan kashi shi ne hukuncin na ɗaya, domin rufe abu ba ya kore samuwarsa.

Na uku, na da'awa: a Return to the 36th Chamber na 1980 ya fito a matsayin ɗan damfara mai shigar ɗan zuhudun Shaolin, domin ya tsoratar da masu gidan rini da suka zaftare wa ma'aikata lada. Wato mutumin da duniya ta sani da San Te yana kwaikwayon wanda yake ƙaryar zama irin San Te, San Te na gaskiya kuma aka ba wani. Ɗalibai su yi hattara da wannan kashi, yana rikita masu fara karatu.

Na huɗu, mai ninki, kuma shi ne mafi zurfi. A The Eight Diagram Pole Fighter na 1984, fim ɗin da Alexander Fu Sheng ya rasu a haɗarin mota ana tsakiyar ɗaukarsa, Liu shi ne ɗa na biyar a gidan Yang. An ci amanar gidansu a fagen fama, ya tsere zuwa gidan bauta na dutsen Wutai, manyan gidan suka ƙi karɓarsa saboda zuciyarsa cike take da fushi. Sai ya ɗauki aska ya aske kansa da kansa, ba ruwa ba sabulu, jini na gangarowa, sannan ya ɗora wa fatar tambarin wuta. Wanzamai sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Wannan kuwa tun daga ƙeya ya fara zafi. To a lura da tsarin abin: kai askakke ne tun asali, aka ɗora masa gashi, domin a aske gashin, a isa ga abin da yake nan tun kafin a fara. Masu bincike sun kasu biyu. Wasu suka ce wannan aski ne, tunda aska ta yi tafiya kuma gashi ya zuba. Wasu suka ce tuɓewa ce, tunda abin da ya zuba ba a kan ya tsiro ba. Mu mun karkata ga magana ta biyu, tare da girmama ma'abota ta farko.

Fasali na huɗu: shubuhohi da amsoshinsu

Idan aka ce: ai ƙwarewa ce ta ɗaukaka shi, ba aski ba. Sai mu ce: ƙwarewar tana nan tun 1976, kuma tana nan a 1977, lokacin da ya fito a Executioners from Shaolin aka kashe shi da ruwan kibau tun 'yan kallo ba su gama gyara zama ba. Hannu bai canja ba tsakanin 1977 da 1978, ƙafa ba ta canja ba, mai ba da umarni ma shi ne dai Lau Kar-leung. Abu ɗaya ne ya canja, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ana jingina sakamako ga abin da ya canja.

Idan aka ce: Jet Li ma ya aske a Shaolin Temple na 1982. Sai mu ce: ya aske, sannan ya bari ya tsiro. Akwai bambanci tsakanin mai haya da mai gida.

Idan aka ce, kuma wannan ita ce shubuha mafi ƙarfi: a Kill Bill kashi na biyu, na 2004, Quentin Tarantino ya mayar da shi Pai Mei, da farin gashi ɗaure a tsakar ka, da gira mai zubowa, da gemun da yake shafawa ya watsar gefe duk lokacin da ya wulaƙanta ɗaliba, kuma da wannan kama ce Turawa da yawa suka san shi. Amsa ta fuska biyu ce. Ta farko, Pai Mei na Lo Lieh ne kafin ya zama na Liu, shi ya fito da shi a Executioners from Shaolin na 1977, saboda haka gashin amana ce a hannun Liu, ba gado ba. Ta biyu, a duba ƙarshen al'amarin: gwanin da ba a iya taɓa shi da takobi, guba aka zuba masa a abinci ya mutu, abincin kuwa kawunan kifi ne. Ba mu ce komai ba. Mun dai ambata.

Idan aka ce: to Johnny Mo fa, shugaban 'yan daban Crazy 88 a kashi na farko, na 2003, wanda kansa a aske yake tas, amma Uma Thurman ta sare masa ƙafa? Sai mu ce: yana sanye da baƙin ƙyalle a ido, ido kuwa a kai yake, saboda haka sharaɗin bayyana bai cika ba, ba a kafa hujja da shi.

Saura mas'ala ɗaya, wadda masu kallon finafinan Indiya suka fi kowa cancantar yin hukunci a kanta. A Chandni Chowk to China na 2009, tare da Akshay Kumar da Deepika Padukone, Liu shi ne bos, sunansa Hojo, makaminsa kuwa malafa ce mai kaifin baki, wadda yake cirewa ya wurga ta yanke wuya. Jamhuru sun tafi a kan cewa malafar ce ke kisa. Sai dai an lura cewa ba ta taɓa kashe kowa tana bisa kai ba, kuma duk lokacin da ta tashi sama abubuwa biyu ne ke faruwa tare, tafiyar malafa da bayyanar abin da ke ƙarƙashinta. Wanda ya jingina mutuwar ga ɗaya ya bar ɗaya, a kansa hujja take.