Kalangun Da Na Sa A Kwamfuta

Andy Hildebrand, mutumin da ya ƙirƙiro Auto-Tune a 1997, injiniya ne da ya daɗe yana aikin neman man fetur. Ƙara ake turawa cikin ƙasa, shi kuma ya zauna ya lissafa amsa-kuwwar da ta dawo, ya gano inda mai yake kwance. Da wannan lissafin ya koma gyaran muryar mawaƙa. Yau in ka bi ta Zoo Road a Kano, da wuya ka ji waƙa ta fito daga situdiyo ba ta ratsa ta cikin dabararsa ba. Ranar da na ji wannan labari sai na yi wa kaina lissafi: ni na karanta kimiyyar kwamfuta, kuma kawuna direban tankar mai ne. Me ya rage?

Ga wanda bai taɓa shiga situdiyo ba, fulogin, irin su Auto-Tune, ƙaramar manhaja ce da ake cusawa cikin babbar manhajar haɗa kiɗa, kamar FL Studio da yaranmu suka haddace. Wani yana ƙara wa murya amo, wani yana kwaikwayon fiyano, wani aikinsa kawai ya sa mai muryar gwangwani ya zama abin saurare. Kamfanin Steinberg na birnin Hamburg a Jamus ne ya buɗe wannan ƙofa a 1996 da tsarin da ya kira VST, daga nan duk mai kwamfuta da ƙarfin hali ya samu damar ƙera nasa ya sayar. Mutum ɗaya a ɗakinsa ya isa. Matt Tytel shi ya fitar da Vital a 2020, duniya ta ɗauka. Sean Costello na Valhalla yana sayar da nasa dala 50 kowanne, ba ya ma yin ragi. Na ninka dala 50 da yawan situdiyoyin Kano, Kaduna da Jos, na kalli lambar da ta fito, na fara tambayar kuɗin fili a bayan gari.

Abin da zan ƙera kuma tuni na san shi. Fiyano na kwamfuta sun fi a ƙirga, gangunan Turawa ma haka, amma duk furodusan da ya so kalangu na gaske sai ya aika a kira makaɗi, ko ya saci wani guntun kiɗa da kowa ya riga ya sata. Ni zan sa kalangu a kwamfuta.

Na sauke JUCE, kayan aikin da Julian Storer ya fitar a 2004, wanda masu wannan sana'a da yawa ke gina nasu a kai. Da yaren C++ ake rubuta shi, yaren da in ka manta waƙafi ɗaya zai jero maka ƙorafi shafi guda, kuma babu layin da zai ambaci waƙafin. A nan na fara sanin cewa sauti ba ya jira. Kwamfuta tana yanka kowace daƙiƙa ta kiɗa gida 44,100, ta riƙa miƙo maka su ƙunshi-ƙunshi, sau da yawa 128 a ƙunshi. Lokacin da kake da shi ka sarrafa ƙunshi ka mayar bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Ka makara, sifika ta yi ƙaras. Manhajar banki za ta iya nuna maka ɗan da'irar nan tana juyawa har ka yi sallar la'asar ka dawo, amma kunne ba ya karɓar uzuri.

Kafin in taɓa ganga sai na ce bari in gwada hannu da tsarkiya, don ita ce mai sauƙi. Akwai dabarar da Kevin Karplus da Alex Strong suka wallafa a 1983: ka zuba 'yar hayaniya cikin gajeren zagaye, ta riƙa kewayawa, kowane kewaye ka ɗan rage mata kaifi da ƙarfi. In tsawon zagayen gida 100 ne, sai ta kewaya sau 441 a daƙiƙa, kunne ya ji kamar an tsinki tsarkiyar gurmi. Sharaɗin ɗaya ne, lambar da kake ninkawa da ita kada ta kai 1. Misali 0.99. Ɗigon da ke cikin tawa lambar ya zame gida ɗaya zuwa dama.

A situdiyon abokina muka yi gwajin, da dare, da sifikunsa biyu da yake gogewa da hankici kullum safe. Na danna maɓalli guda. Da farko wani ɗan ƙis muka ji, sannan abin da ya biyo baya ba ni da sunan da zan ba shi. Sauti ne da ke ninka kansa kusan sau goma a kowane kewaye, sau ɗari huɗu da wani abu a daƙiƙa. Yaron da ke barci a kan kujera ya miƙe da salati ya yi waje ba takalmi. Mai shayin ƙofa ya leƙo yana tambaya ko taransifoma ce. Abokina bai ce komai ba. Ya je gaban sifikar hagu ya sunkuya, ya shinshina, ya ɗago ya dube ni.

"Mutumina," ya ce, "wannan gurmin naka na wane gari ne?"

Kuɗin gyaran sifikar su ne jarin farko da kamfanina ya zuba a harkar kiɗa.

Ganga ta fi tsarkiya taurin kai. Amon tsarkiya yana hawa a jere, ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu. Fatar da aka ɗaure a da'ira kuwa nata yana tafiya ne 1, sai 1.59, sai 2.14, sai 2.30, lambobin da ba su ga maciji da juna. Kalangu kuma ya ƙara da nasa: makaɗi yana matse tsarkiyoyin a hammata, fatar ta ɗaure, murya ta hau, ya saki ta sauko, duk a cikin bugu ɗaya. Da haka yake bin hawa da saukar maganar Hausa har mai saurare ya gane take.

Sai na nemo wani dattijo makaɗi in ɗauki sautin nasa in auna. Na yi masa bayani cewa bugu ɗaya nake so, a hankali, sannan ya maimaita shi daidai, da ɗan ƙarfi kaɗan.

"Wa za a kaɗa wa?" ya tambaya.

"Ba kowa, Baba. Bugu ɗaya kawai."

"Ɗan nan, kalangu ba ya magana shi kaɗai kamar mahaukaci."

Da ƙyar ya yarda. Ya buga ɗaya, na ce madalla, a sake. Ya sake, amma wannan karon hammatarsa ta motsa, bugun ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Na ce a'a, kamar na farko. Ya ce ai na farkon ya wuce. Kafin a jima hannunsa ya gaji da biyayya ya zarce cikin taken mahauta, mai shayi ya shigo yana rawa, aka tashi da faifan da babu bugu biyu masu kama da juna a ciki. Na biya shi kuɗin zama, na biya na mota, ya kuma tuna mini cewa ba a sallamar makaɗi da hannu biyu ba goro.

Bayan an sha fama na haɗa abin. Na ɗora matsin hammata a kan ƙaramar wilin nan da ke gefen hagu na kibod, ka tura sama murya ta hau. Na kira Baba ya zo ya ji. Na gyara zama na kaɗa masa abin da a kunnena taken mahauta ne sak. Ya saurara ido rufe. Da na gama ya ce in sake. Na sake, ina murmushi.

"To," ya ce, "kada dai ka kaɗa wannan a gaban Sarkin Fawa."

"Bai yi daɗi ba ne, Baba?"

"Daɗi ya yi. Abin da ya faɗa ne ba a faɗa wa mai iyali."

Har yau ya ƙi gaya mini abin da kalanguna ya ce.

Na zaci wahalar ta ƙare, ashe sautin shi ne ƙaramin aiki. Fulogin ɗaya sai ka haife shi sau uku: VST3 don yawancin manhajoji, AU don Logic na masu Mac, AAX don Pro Tools, wanda shi kuma sai an buga masa hatimi na musamman kafin ya buɗe. Na Mac yana son rajistar dala 99 a shekara da tantancewa, kuma yana son Mac ɗin kanta, wadda ni sai a hoto. Ga zanen fuska. Na kai wa abokina shi da farin allo da layuka uku na ja, ya ce ko kyauta ba zai sa wannan a gaban kwastoma ba, wai sai an yi masa maɓallai masu ƙyalli da ɗan katako a gefe. Na yi mako ina zana inuwar maɓalli. Da na mayar masa, ban taɓa ko layi ɗaya na sautin ba, ya ce yanzu ya fi nauyi a kunne.

Sannan na ƙera masa kwaɗo, lambar sirri da sai ka biya za a ba ka, don na san halinmu. Kwamfutar da na yi aikin a kanta ma, in za a bi diddigin abin da ke ciki, ba zan so a yi a gaban surukaina ba.

Na sa dala 29. Mai saye na farko wani ne daga Finland. Na yi sujada, na nuna wa matata saƙon, ta tambaya ko dalar ta iso hannu, na ce tana hanya. Kwana kaɗan ya rubuto cewa yana jin daɗinsa ƙwarai, yana saukar da shi ƙasa can ya yi amfani da shi a matsayin bes a kiɗan rawarsu. Roƙonsa ɗaya: muryar tana hawa tana sauka, ko zan sa maɓallin da zai hana ta?

Daga Kano, Kaduna da Jos kuwa shiru. Na ce wataƙila talla ce ba ta kai ba. Ana nan sai na shiga kasuwar waya sayen caja, wani yaro mai kwamfuta a kan benci ya tare ni.

"Yallaɓai, furodusa ne? Akwai sababbin kaya. Akwai ma na kalangu, yanzu ya shigo."

Ya juyo allon. Ga maɓallaina masu ƙyalli, ga katakon gefe, ga inuwar da na yi mako ina zanawa.

"Nawa?"

"Ɗari biyar, da sakawa."

"Ka san wanda ya yi shi?"

"Wani Bature ne a Jamus. Su ai ba wasa."

Na ce ni ne Baturen. Ya dube ni tun daga hula har silifa, ya yi dariya, ya ce in don ragi ne in kawo ɗari huɗu.

Na biya, don ina son ganin abin da suka yi masa. A gida na saka shi gefe da nawa. Nawa na asali yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, yana laluben intanet ya tabbatar an biya, in bai samu ba wani lokaci ya ja babbar manhajar su faɗi tare. Na yaron kuwa ƙiftawa da bismilla ya buɗe. Wanda ya fasa kwaɗon ya cire shi ɗungurungum, faɗuwar ta tafi da shi. Washegari abokina yana da aikin waƙar biki, ya ce in zo da kalangun, amma don Allah in kawo na Bajamushen.